Shagalin da Na Kai Ƙara

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a Malesiya, ba zan manta da ranar da na ɗauki waya na kai ƙarar maƙwabciyata ba. Kiran bai kai minti biyu ba. Na gama karatu, na dawo gida, har na yi aure, amma yau ɗin nan in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Abin haushin ma shi ne, a lokacin da nake danna lambar ji nake aikin Allah nake yi.

A shekara ta biyu ta annobar korona ne. Ina karatu a wata kwaleji a Kuala Lumpur, muna haya a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene a unguwar Setapak, ni da abokiyar zamana, wata Bakanuwa Musulma wadda ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta ba. Ni kuwa Kirista ce daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, 'yar mai bishara. Gidanmu gidan kamewa ne. Ana dariya, amma da lissafi. Na taso da tunanin cewa Kirista na ƙwarai a fuska ake gane shi, wato gwargwadon shan kununka, gwargwadon tsoron Allahnka. Ban ma tsaya inda iyayena suka tsaya ba, sai da na zarce su. Shi ya sa abokiyar zamana ta laƙaba mini Mama Fasto, ni kuma a ɓoye sunan yana mini daɗi.

Lokacin dokar kulle ta yi tsanani. Mutum ɗaya ne daga kowane gida yake fita cefane, ziyara kuwa haramun. Muna gani a waya yadda ake kewaye wasu benaye da waya mai ƙaya in an sami masu cutar da yawa a ciki, babu shiga babu fita. Ga shi ina da asma tun ina yarinya. Tsoro ya shige ni har ledar burodi sai na wanke da sabulu. Akwai kuma wani tsoron da ya fi namu, na baƙi waɗanda takardun zamansu suka ƙare. Su ko tari ba sa son yi da ƙarfi, don kowa ya san duk inda jami'ai suka shiga sai sun tambayi fasfo, wanda nasa bai cika ba kuma sai a tsare shi a mayar da shi ƙasarsu.

Gidan da ke manne da namu na wasu mata 'yan ƙasar Filifin ne. Da su da yawa ne, amma sauran masu jinyar tsofaffi ne a gidajen mutane, kullen ya ritsa da su can, sai babbarsu kaɗai ta rage. Kowa a benen Tita yake ce mata, wato kamar a ce inna. Gajeriya ce mai jiki, ta ba hamsin baya, kuma kuku ce a wani gidan abinci da annobar ta rufe. Matar nan ba ta iya gaisuwa a hankali ba. In ta hango ka daga ƙarshen baranda za ta ɗaga hannu biyu kamar ta ga ɗanta ya dawo daga tafiya. Tun watan Satumba take rataya fitilar Kirsimeti mai siffar tauraro a taga, wai a ƙasarsu tun lokacin ake fara biki. Katolika ce, kullum da carbi a wuya, amma bakinta bai rabo da waƙoƙin soyayya. Ni dai na riga na yanke mata hukunci a raina: addinin wasa. In ta miƙo mana abinci, abokiyar zamana ce take karɓa, ni sai in ce na ƙoshi.

Wata Litinin sai hayaniya ta fara. Wajen ƙarfe uku na rana za ka ji gunaguni ta bango kamar ana addu'a, mutum ɗaya yana ja, jama'a suna amsawa. Da an gama sai kiɗa ya tashi, a shiga karaoke, wannan ya rera wancan ya karɓa. Ga muryoyin maza, ga na yara, ga shewa, wani lokaci a kwashe da dariya har sai na ji ta a ƙirjina. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Ina gaban kwamfuta malami yana koyarwa, ni kuwa ba abin da nake ji sai wani ƙato yana kashe waƙa da murya kamar ta tsohon injin niƙa. Na ce a raina, mutane suna mutuwa kamar kaji, asibitoci sun cika, su kuma waɗannan shagali suke yi. Kwana takwas ina cika ina batsewa.

A rana ta tara, tun da safe ƙamshin tafarnuwa da soyayyen kaza ya cika baranda. Na leƙa ta ƙofa na ga mai babur ya kawo mata robobin zuba abinci, tuli guda. Da azahar na sake leƙawa, sai ga takalma jere a ƙofarta, manya da ƙanana, sun kusa kai wa bakin ƙofarmu. A ƙasar ba a shiga gida da takalmi, saboda haka a wurina magana ta ƙare. Na koma ciki na ɗauko waya.

Abokiyar zamana tana kwance a kujera, ta ɗago ta dube ni. "Mama Fasto, wa za ki kira?"

"Ofishin masu kula da bene. Ki je ki ga takalma."

"Ke, ajiye wayar nan, seriously. Ki je ki yi knocking mana ki tambaye ta. Ko kuma mind your business lah."

"In ƙwanƙwasa in kwaso cuta? So kike a sa mana waya mai ƙaya?"

Ta tashi zaune. "To ji nan. Kedai ɗin da take aiki, gidan abincin nan, ya rufe tun bara. In permit ɗinta ya yi expire fa? Kin san once suka zo sai sun ce passport. Wallahi kada ki jawo wa matar nan abin da ba za ki iya gyarawa ba."

Na ce, "Doka doka ce. Da ta san haka da ba ta tara mutane ba."

Wannan maganar tawa ita ce ta fi ci mini rai har yau. Ba zan ce ban sani ba, an gaya mini ƙarara. Na kira, na ce ana taro a gida lamba kaza, mutane sun fi goma, kwana tara ke nan. Mutumin ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, zai sanar da hukuma. Na ajiye waya ina jin kaina kamar wadda ta ceci bene guda.

Bayan la'asar suka iso, jami'ai biyu, namiji dattijo da mace, mai gadi yana biye da su. Na buɗe ƙofarmu kaɗan na sa ido, takunkumi biyu a fuskata. A lokacin kiɗa ya kai ƙarshen daɗi, ana tafi. Suka buga ƙofa sau uku kafin a ji. Tita ta buɗe da makirufo a hannu, sanye da farar riga, ta yi kwalliya har da jan baki. Ta ture ƙofar gaba ɗaya, kuma daga inda nake ina ganin falon duka.

Babu kowa a ciki, sai ita kaɗai.

Falon fes, an goge shi har yana ƙyalli, ashe shi ya sa ta fitar da takalman abokan zamanta waje. Tebur cike da abinci, robobi a jere an rufe su. A gefe ga ɗan ƙaramin tebur da farin ƙyalle, gicciye, kyandirori biyu, da hoton wani mutum mai ƙaton ciki yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Sai kwamfuta a kan kujera an jona ta da sifika, fuskoki birjik a cikinta, kowa a ɗan gidansa. Duk hayaniyar da ta hana ni sakat daga nan take fitowa.

Dattijon ya tambaye ta da Turanci me ake yi. Ta nuna hoton.

"Mijina ne, ranka ya daɗe. Korona ta ɗauke shi can gida. A wurinmu kwana tara muke yi masa addu'a, a rana ta tara mu ciyar da mutane, mu rera masa waƙoƙin da yake so. Babu jirgi, ban iya zuwa ba, shi ne nake yin nawa daga nan."

Ta juya kwamfutar don su gani. A babban hoton ga tsakar wani gida, ga tebur, a kansa wata 'yar farar tukunya mai murfi an kewaye ta da furanni. Ta ce shi ne a ciki. A lokacin duk wanda cutar ta kashe a can ƙona gawarsa ake yi da gaggawa, ko 'ya'yansa ba su ga fuskarsa ba. Kuma a gefen tukunyar nan, wallahi da idona na gani, maza biyu suna buga kati, wani yaro yana cin shinkafa da hannu, wata tsohuwa tana kaɗa kai tana jiran a ci gaba da kiɗa.

Ni da na san gidan makoki da tabarma da sunkuyar da kai, in ma za a yi waƙa to ta sujada ce a ja ta a hankali, sai na ji kaina yana juyawa. Miji ya mutu, an ƙona shi, toka tana kan tebur, matarsa kuma da jan baki da makirufo? Na kasa haɗa abin a kaina.

Macen ta shiga ta duba ɗakuna ta fito ta girgiza kai. Dattijon ya yi wa Tita ta'aziyya, ya ce ta rage sauti kawai. Har ya juya. Na fara sauke ajiyar zuciya, ina cewa Allah na gode, kunya kawai na sha. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, kamar wanda ya tuna ya bar makulli, ya ce, "Fasfo, don Allah."

Tita ta shiga ɗaki ta fito da shi ta miƙa da hannu biyu. Ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wa abokiyar aikinsa. Ba sai an fassara mini ba. Abokiyar zamana tana tsaye a bayana, na ji ta ce, "Innalillahi," a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da Tita ta roƙa shi ne minti goma. Ba ta yi kuka ba, ba ta kama ƙafar kowa ba. Ta ce saura waƙa ɗaya, wadda suka yi rawa da ita ranar aurensu, kuma ita ce ya kamata ta rera. Dattijon ya dubi agogo, ya dubi hoton, ya koma baranda ya juya baya. Ta gyara rigarta, ta tsaya gaban kwamfutar ta yi wa mutanenta murmushi kamar babu abin da ya faru, ta danna kiɗa. Ta rera waƙar ba ta saki ko baiti ɗaya ba, har tana ɗan taka ƙafa. Da ta kai ƙarshe, can gida aka ɓarke da tafi da shewa, ba su san jami'ai suna jiranta a ƙofa ba.

Ta ɗauko 'yar jakarta, ta sa takunkumi. Da ta fito baranda sai idonta ya faɗa kaina.

"'Yata, zo ki taimake ni," in ji ta. "Abincin nan na maƙwabta ne, na rubuta lambar kowane gida a murfi, ki rataya musu a ƙofa. Naman alade ya fi so, amma na yi da kaza don kowa ya ci, ki gaya wa 'yar'uwarki Musulmar nan halal ne. Naku na ƙara barkono. Sannan ki zauna gaban kwamfutar har su gama, kada wurina ya zama babu kowa."

Ta danƙa mini makullin gidanta. Ni, ni da na kira su. Suka shiga lif da ita.

Muka raba abincin ni da abokiyar zamana. Sannan na shiga gidan da na yi kwana tara ina tsine wa, na zauna a kujerarta. Fuskoki suka zuba mini ido. Wata budurwa mai gilashi, babbar 'yarta ce, tana karatun jinya, ta tambaye ni ina mamanta. Na gaya musu. Sai kuka ya tashi daga ko'ina. A nan na gane ba wai ba su san ciwo ba ne. Kukan da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, don kowa a gidan nan da abin da Tita take aikowa yake ci, yake karatu.

Ban san abin da ya tura ni ba, na ji bakina yana cewa, "Ni ce na kira su. Na ɗauka biki ake yi."

'Yar ta dube ni ta cikin gilashinta, dogon kallo, ta fassara wa sauran, sannan ta tashi ta bar wurin. Na zauna ina jiran zagi, kuma na cancance shi. Sai tsohuwar nan, mahaifiyar mamacin, ta matso da fuskarta har ta cika allon, ta yi wata magana da yarensu. Wani daga cikin masu buga katin ya share ido ya fassara mini.

"Ta ce kin ci abinci?"

Na ce a'a.

"Ta ce ki ɗauko ki ci a gabanta. Ranar ɗanta ce, ba a zama da yunwa."

Na buɗe robar da aka rubuta lambar gidanmu, na ci ina hawaye ina majina, tsohuwa tana kallona tana gyaɗa kai. Suka yi wa Tita addu'a mai tsawo, suka sa sunana a ciki. Da aka ce amin sai wani ya fara ba da labarin yadda mamacin, mai tuƙa keke mai ƙafa uku ne, ya taɓa ɗauko akuyar biki, ya tsaya a hanya don ya karɓi makirufo a wani shago, kafin ya gama waƙa akuya ta cinye igiya ta gudu. Aka yi dariya da jajayen idanu. Sannan aka sake kunna kiɗa. Na zauna har suka tashi, ina kallon mutanen da suka yi rashi biyu a cikin kwana tara suna tafa hannu.

Tita ta yi watanni a tsare kafin a mayar da ita gida. Mun yi iya ƙoƙarinmu, mun je nan mun je can, ba abin da ya yi. Mu muka haɗa kayanta. Ni kuwa na rame, na daina iya addu'a, don duk lokacin da na rufe ido ita nake gani da makirufo.

Wata rana da hantsi sai ga kiran bidiyo daga lambar da ban sani ba. Ita ce, ta zabge, an rage mata gashi, tana zaune a ƙofar gida da tukwane a gabanta, abinci take sayarwa. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Tun a baranda na sani, 'yata. Idonki ya gaya mini. Shi ya sa na ba ki makullin, don kada ki koma ɗaki ke kaɗai da shi a zuciya."

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce yaya mutum zai yi waƙa da rawa mijinsa yana cikin tukunya?

Ta yi dariyar nan tata mai tsorata tsuntsaye. "Wa ya ce miki ban yi kuka ba? Kowace safiya sai na jiƙa matashi. Amma ni da ke duk Lahadi muna cewa mun gaskata da tashin matattu. To in gaskiya ne yana wurin Ubangiji, kuma zan sake ganinsa, da wace fuska zan raka shi? Kuka da kansa yake zuwa, ba ya buƙatar taimako. Murna ce sai ka tashi ka dafa ta."

Na tambaye ta labarin 'yarta. Ta ce yarinyar ta ajiye karatun jinyar, tana aiki a wani kanti, kuma ba ta shirya magana da ni ba tukuna. Ba ta ɓoye mini ba, ba ta kuma ɗora mini ba. Sai wani mai sayen abinci ya zo, ta ce in gaida 'yar'uwata, ta kashe.

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai na tambayi fuska ta yi mini ƙarya, ta mutane da tawa duka. Na yi shekaru ina ɗaukar ɗaure fuska a matsayin ibada, alhali tsoro ne da girman kai suka yi mini rawani. Matar da na raina addininta ta fi ni gaskata abin da nake furtawa a coci, don ita ta gaskata shi har ya kai ta ga soya kaza da rera waƙa a ranar da ta fi kowace ɗaci. Na koyi cewa murnar mai bi ba rashin ciwo ba ce, shaida ce cewa mutuwa ba ita ke da magana ta ƙarshe ba. Na kuma koyi cewa mutum yana iya zama daidai a gaban doka ya zama mai laifi a gaban Allah. Tita ta yafe mini, na san wannan. Amma akwai wata yarinya da ya kamata a ce yau ma'aikaciyar jinya ce, tana can tana jera kaya a kanti, saboda ni na ji ana murna na ɗauka zunubi ne.